Ƙanena, ga abin da ke jiranka a kwanakin farko na karatu a waje

Ƙanena, ke ma ƙanwata da ke nake, daga ranar da jami'in shige da fice ya duba fasfonka ya ce ka wuce, aka fara ƙirga maka kwanaki. Ɗalibai da yawa suna sauka da tunanin cewa wahala ta ƙare, tunda an samu gurbi, an samu biza, jirgi ya sauka lafiya. To a ƙasashe da dama bizar da ke fasfonka ƙofa kawai ta buɗe maka. Izinin zama sai ka nema ko ka tabbatar da shi bayan ka iso, kuma kowace ƙasa da wa'adin da ta yanke. Babu wanda zai biyo ka ɗaki ya tuna maka.

A Jamus, kwana 14 gare ka bayan ka tare a masauki ka je ofishin rajistar mazauna gari ka yi abin da suke kira Anmeldung, kuma ba za su karɓe ka ba sai da takardar da mai gidan ya sa wa hannu yana shaida cewa a gidansa kake zaune. Wannan 'yar takardar rajista da za a ba ka, ita ake yawan tambaya a banki da ofishin baƙi, saboda haka jinkirinta yana tsayar da komai. A Sin, idan ba a otal ka sauka ba, awa 24 ne wa'adin sanar da 'yan sandan unguwa inda kake kwana, sannan mai bizar dogon karatu yana da kwana 30 ya nemi izinin zama. A Indiya, wanda bizar karatunsa ta wuce kwana 180 dole ya yi rajista da ofishin rajistar baƙi da ake kira FRRO cikin kwana 14. Faransa ta ba da wata 3 ka tabbatar da bizarka ta intanet, kuma yawan lokacin ne ke sa mutane mantawa. Malesiya tana so a yi maka gwajin lafiya a makon farko. A Amurka kuwa, takardar I-20, wadda makarantarka ke ba ka ka nemi biza da ita, ita ce ranka a matsayin ɗalibi: ba a barinka ka shiga ƙasar fiye da kwana 30 kafin ranar fara karatun da ke jikinta, dole ka gabatar da kanka ga jami'in makaranta da zai tabbatar da isowarka a SEVIS, rumbun bayanan ɗaliban waje na gwamnati, kuma duk lokacin da ka sauya masauki kwana 10 gare ka ka sanar.

Ban jero waɗannan don ka haddace ba. Dokoki suna sauyawa. Birtaniya ma ta bar katin zama na roba ta koma bizar da ake dubawa ta intanet. Abin da nake so ka riƙe shi ne, taka ƙasar ma tana da nata wa'adin, kuma wurin da za ka ji shi daidai shi ne ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arka. Ka je can washegarin isowarka, ko da gajiyar hanya ba ta sake ka ba. Ka ɗauki fasfo, takardar gurbin karatu, takardar masauki, da hotunan fasfo. Ka zauna ka tambaye su: me ya wajaba in yi a makon nan, me ya wajaba a watan nan, wane ofishi, wace takarda zan riƙe? Ka rubuta amsar a gabansu. Kada ka dogara da abin da wani tsohon ɗalibi ya gaya maka a zauren WhatsApp, ko da da zuciya ɗaya ya faɗa, domin ta yiwu dokar shekararsa ce yake ba ka.

A nan ne nake so in daɗe, domin nan ne na fi ganin 'yan'uwanmu suna cutuwa. Kunya da kawaici da muka tashi da su kyawawan halaye ne, amma a gaban teburin ma'aikacin ofis suna iya jawo maka asara. Matar da ke bayan tebur za ta yi maka bayani da sauri, da lafazin da kunnenka bai saba ba, ta ƙare da tambayar ko ka gane. Kai kuma sai ka gyaɗa kai don kada ka ɗauke mata lokaci, ko don kada a ce ba ka jin yaren. Ka fito riƙe da takardu uku ba ka san wacce za a kai ina ba. Ita kuwa ta ɗauka an gama. Don Allah kada ka yi haka. Ka ce ta maimaita. Ka ce ta rubuta maka. Ka faɗa mata abin da ka fahimta da bakinka, ta gyara inda ka kauce. Wannan aikinta ne, albashinta take karɓa a kai, kuma ta saba da sababbin zuwa daga ko'ina a duniya. Matambayi ba ya ɓata.

Sai ɗaki. Kafin ka kwance jaka, ka fito da waya ka ɗauki hoton komai: tabon da ke jikin katifa, tsagar da ke gilashin taga, ƙusar da aka cire ta bar rami a bango, famfon da ke ɗiga, lambar da ke kan mitar wuta idan kai za ka riƙa biya. Ka aika hotunan ta imel ga mai gida ko ofishin masauki a ranar, don kwanan wata ya zauna. Ranar da za ka tashi, da waɗannan hotuna za ka kare kuɗin ajiyar da ka bayar. A Ingila doka ta wajabta wa mai gidan haya ya saka irin wannan kuɗi a tsarin kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, ya kuma ba ka shaidar hakan, to ka nema. Kada kuma ka sa hannu a yarjejeniyar haya da ba ka karanta ba. Ofishin ɗalibai ko ƙungiyar ɗalibai sukan duba wa mutum kyauta.

Ƙananan abubuwa kuma ka gama da su da wuri. Ka sayi layin wayar ƙasar, ka ajiye lambar gaggawa: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada. Ka rubuta adireshinka a takarda ka sa a aljihu, saboda waya takan mutu a daidai lokacin da ka ɓata hanya. Ka duba jikin cajarka kafin ka soka, domin wutar Amurka volt 120 ce, ta Turai 230. A wasu biranen Turai sayen tikitin jirgin ƙasa ko bas bai isa ba sai ka saka shi a na'ura ta buga masa lokaci, in ba haka ba tara ce. Idan ka zo da magani, musamman masu rage raɗaɗi irin su tramadol da kodin, ka riƙe takardar likita tare da shi, domin ƙasashe da yawa suna tsananta doka a kansu. Ka yi rajista da asibiti ko likitan unguwa tun kana da lafiya, ka kuma san abin da inshorarka ta ɗauka da abin da ba ta ɗauka ba.

Akwai mutanen da sana'arsu ke nan jiran sababbin ɗalibai, kuma sun san abin da ka fi tsoro shi ne a ce takardunka ba su cika ba. Wata rana waya za ta yi ƙara, lambar ta yi kama da ta hukuma, murya mai kauri ta ambaci cikakken sunanka ta ce an samu matsala a bizarka, za a kore ka daga ƙasar sai dai in ka biya tara yanzu-yanzu, kuma kada ka kashe waya, kada ka gaya wa kowa. Ka kashe wayar. Hukumar shige da fice ba ta karɓar tara ta katin kyauta na kanti ko kuɗin kirifto, kuma ba ta hana mutum shawara da makarantarsa. Ka tafi ofishin ɗalibai ka ba su labari. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne mai zuwa da fara'a, wani lokaci ma da yarenka, ya ce a turo kuɗi ta asusunka ka cire masa ya ba ka wani abu a kai. Kada ka yarda ko da wane ne. Idan kuɗin na sata ne ko na damfara, sunanka ne a banki, kai za a tuhuma da wanke kuɗin haram, a rufe asusun, karatun ma ya shiga rububi. Haka batun aiki: a Birtaniya mai karatun digiri awa 20 a mako ne iyakarsa lokacin zangon karatu, a Amurka ma awa 20 ne kuma cikin harabar makaranta. Awa ɗaya a kai karya sharaɗin biza ne, ko da mai ba da aikin ya ce babu wanda zai sani.

Makon gabatarwa da jami'a ke shirya wa sababbin ɗalibai, ka halarce shi duka, har zagayen ɗakin karatu da kake ganin ɓata lokaci ne. A aji kuma, takardar tsarin kwas da malami zai raba ranar farko ita ce alƙali tsakaninku: ranakun miƙa aiki, yadda ake raba maki, hukuncin makara, duk suna ciki, kuma ba lalle ya sake ambatarsu ba. Yawancin jami'o'i suna ba da ɗan lokaci a farkon zango na sauya kwas ba tare da ya shiga sakamakonka ba. Ka san ranar da ake rufewa, kuma kada ka ajiye kwas sai ka tambayi ofishin ɗalibai, domin bizar karatu tana tafiya ne da cikakken nauyin darussa. Malamai sukan ware awanni a mako da ofishinsu ke buɗe ga ɗalibai. Ka je. Zuwanka ba raini ba ne, ba kuma nuna gazawa ba ne. Da yawansu suna zaune ne suna jiran mai shigowa. Sannan tun kafin aikin gida na farko ka koyi yadda ake nuna inda ka ɗauko magana, domin kwafar jimlar wani ba tare da ambatarsa ba laifi ne da kan kai ga sifiri ko kora, kuma rashin sani ba ya wanke mutum.

Jikinka ma yana da nasa lissafi. Idan ka tsallaka bambancin lokaci mai yawa, barci zai rikice na 'yan kwanaki; ka fita cikin hasken rana da safe, ka daure kada ka kwanta da rana. Wanda ya je ƙasashen arewa a watan Satumba zai ga rana tana gajarcewa har a Disamba ta faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma a Landan. Duhun nan yana taɓa zuciya fiye da yadda ake zato. A ƙarshen Oktoba kuma Turai ke mayar da agogo baya da awa ɗaya, Amurka a farkon Nuwamba, don haka lokacin da ka saba kiran gida zai matsa.

Kewa za ta zo, kuma ba kasafai take zuwa a makon farko ba, lokacin da komai sabo ne kana ta ɗaukar hotuna. Takan jira sai hidima ta lafa, wani yammaci ka dawo ka rufe ƙofa ka ji shiru ya yi yawa. Masanin halayyar al'umma Kalervo Oberg ya bayyana wannan tun 1960: ɗoki da farko, sai ƙunci da jin haushin komai na baƙuwar ƙasa, sannan a hankali mutum ya saba. Ba kai kaɗai ba ne, kuma ba alama ba ce ta cewa ka yi kuskuren zuwa. Ka kira su Baba da Mama, amma ka tsayar da lokaci, kada ka kwana a waya da gida ka wuni kana barci a nan. Ka nemi 'yan ƙasarku, za su rage maka nauyi sosai, sai dai kada ka tsaya a kansu kaɗai. Wanda ke zaune kusa da kai a aji, ko daga ina ya fito, mai yiwuwa shi ma ba shi da wanda zai ci abincin rana da shi. Kai ka fara yi masa magana. Idan kuma ƙuncin ya wuce mako biyu, ba ka barci, ba ka cin abinci, ka fara ƙin zuwa aji, to ka je sashen ba da shawara na jami'a. A mafi yawan makarantu kyauta ne ga ɗalibai, masu aikin sun ƙware, kuma doka da ƙa'idar aikinsu sun ɗora musu riƙe sirrinka. Ka nemi lambarsu da ofishinsu tun a makon gabatarwa, ka ajiye a waya kusa da lambar gaggawa.