Yadda Za Ka Kalli Taurari a Garin da Fitilu Suka Yi Yawa

Zaɓi dare daga 25 ga watan Musulunci zuwa tsayuwar sabon wata, don farin wata ma yana dusashe taurari. Hau saman soro ko ka fita bayan gari, ka juya wa hasken kasuwa da gidajen mai baya. Ba ido minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu. Leƙa waya sau ɗaya kawai zai mayar da kai farko. In tocila ta zama dole, ɗaura mata jar leda.

Daga Nuwamba zuwa Maris nemi Kaza da 'Ya'yanta, wato wani gungun ƙananan taurari da ke cunkushe wuri ɗaya, bayan isha'i. In ka ƙirga taurari shida a cikin gungun, wurin ya yi. Ranar hazo kuwa kada ka wahalar da kanka: ƙura na watsa hasken gari ko'ina.