Yadda ake shirya ranar tuƙin ƙananan jiragen ƙasa a lambu tare da abokai

A Ingila da Jamus da Amurka akwai mutanen da ke shimfiɗa ƙaramin layin dogo a lambun gidansu, ya ratsa tsakanin furanni, ya haye gada, ya shige ƙarƙashin dutse. Abin ya yaɗu sosai bayan kamfanin Lehmann na Jamus ya fito da jiragensa samfurin LGB masu jure ruwa da rana a 1968, masu tafiya a kan dogo mai faɗin milimita 45. A Ingila kuma da yawa sun fi son ma'aunin da milimita 16 ke wakiltar tsawon ƙafa ɗaya na jirgin gaske, a kan dogo mai faɗin milimita 32 ko 45, har suna da ƙungiyarsu tun 1977. To amma jirgi ya yi ta kewaya lambu ba gaira ba dalili, minti goma ya isa a gaji da kallo. Daɗin yana zuwa ne in aka tara abokai aka gudanar da layin tamkar na gaske.

Tun wajen gayyata za ka fara aiki. Ka gaya wa kowa faɗin dogonka da irin kwanar da ta fi tsanani a layin, don akwai dogon kan jirgi da ba ya iya shan kwana mai matsi. Ka tambayi abin da kowa zai kawo: mai lantarki ne da ke ɗaukar wuta daga dogo, mai batir da rimot ne, ko mai tururi na gaske. Wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Wasu jiragen tururin ƙafafunsu ƙarfe ne zalla daga gefe zuwa gefe, da zarar an ɗora su a kan dogo mai wuta sai su haɗe wutar, komai ya tsaya cak. Ga kuma mai da suke ɗigarwa, wanda ke hana masu lantarki samun wuta. Mafi sauƙi shi ne a kashe wutar dogo ranar, a bar wa batir da tururi filin. Ka tambayi irin maƙalar taragonsu ma, domin ƙugiyar LGB ba ta kama sarƙa mai ido uku da 'yan Ingila ke amfani da ita.

Da safiyar ranar, ka bi layin a tsugune, taku bayan taku. Ganye, tsinke, tsakuwar da kyanwar maƙwabta ta tono, duk ka kwashe. Ka fi sa ido a mararrabar da ake sauya wa jirgi hanya, ƙwayar tsakuwa ɗaya ta isa ta hana harshen dogon rufewa. Ni dodon koɗi ne ya taɓa kunyata ni: ya kwana a bakin ramin da jirgi ke shiga, kan jirgin baƙona ya hau shi, taragu huɗu suka kife cikin ciyawa. Daga nan na koyi tura tsohon tarago da hannu ya zagaye layin gaba ɗaya kafin kowa ya iso.

Sai babban aikin, wato ba kowane jirgi dalilin tafiya. Ka raɗa wa tashoshinka suna, ka rubuta jadawali gajere: jirgin fasinja ya tashi daga tasha ta farko, ya haɗu da na kaya a tasha ta tsakiya, na kayan ya ajiye tarago biyu a wurin fasa dutse ya ɗauko na katako. Kowane tarago ka yi masa ɗan kati mai lambarsa da inda za a kai shi, direba ya riƙe katunan a aljihu. Kada ka cika jadawalin. Jirage shida ko bakwai sun ishi yamma guda, saboda jera taragu a tasha yana cin lokaci fiye da yadda ake zato. Wasu na amfani da agogon da ke gudu ninki huɗu ko shida don awa ta zama 'yan mintuna. A ganina wannan ya fi dacewa da layin cikin ɗaki; a lambu gara a bi jerin kawai, in wannan ya iso wancan ya tashi.

Yawancin layukan lambu hanya ɗaya ce, don haka dole a hana karo. Dabarar tsohuwa ce daga jiragen Birtaniya na gaske: kowane yanki tsakanin tasha biyu yana da sandar izini guda ɗaya tak, wanda ba ta hannunsa ba ya shiga. Cokalin katako mai fenti ma ya wadatar. Ka naɗa mutum ɗaya mai ba da hanya, shi kaɗai ke cewa a tashi, ko mai gida sai ya jira izininsa. Jirgi ɗaya ba ya yiwuwa da direba biyu, haka layi ɗaya da masu umarni biyu. Baƙon da bai kawo jirgi ba ka ba shi tasha ya kula da sauya hanya, yara kuma a ba su usur da tuta.

Masu tururi ka ware musu teburi ko ɗan layi a gefe, nesa da busasshiyar ciyawa da hannun yara. A nan za su zuba tataccen ruwa a tukunya, su sa man tururi mai hana injin gogewa, su cika tankin gas, su kunna. Cikin 'yan mintuna za ka ji tukunyar ta fara tsuwa, sai bawul ɗin kariya ya yi tsartuwa, farin tururi ya tashi da ƙamshin mai mai zafi. Irin waɗanda kamfanin Roundhouse na Doncaster ke ƙerawa sukan yi wajen minti 20 zuwa 30 kafin gas ya ƙare, saboda haka mai ba da hanya ya sanar da direba tun da wuri, kada jirgi ya ƙone rabin gas ɗinsa yana jiran sanda.

Kafin jirgin farko ya motsa, ka tara kowa na minti biyar. Ka nuna inda ake tsallake layi, ka roƙi kada a taka dogo, kuma kada wanda ya ɗaga jirgin wani sai da izininsa, ga tsada ga zafi. Gudu kuma a sassauta. Ƙaramin jirgin da ya wuce saurin tafiyar mutum a natse ya daina kama da na gaske.

A tsakiya a tsaya a sha shayi, batura su huta. Da an tashi, ka bi dogon da tsumma ka goge man tun bai kama ƙura ba, ka tattara katunan taragu yadda suke, domin inda kowane tarago ya kwana daga nan jadawalin zama na gaba zai fara.