Zubar jini ga mai ciwon dajin hanta: kurakuran da iyalai suka fi yi

Ciwon hanta nau'in B, wanda shi ne babban tushen dajin hanta a Afirka ta Yamma, yakan yi shekaru yana cin mutum a ɓoye, shi ya sa sau da yawa zubar jini ce ke fara kai majinyaci asibiti a Yamai. Galibi hanta ce ta taurare, ko ƙarin dajin ya toshe babbar jijiyar da ke kai mata jini daga hanji, sai jijiyoyin ƙasan maƙoshi su kumbura su fashe. Ba kasafai ba kuma, ƙarin da ke ɓangaren hagu na hanta yakan manne da tumbi har ya huda bangonsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jiran ganin jan jini. Jinin da ya bi ta hanji narkewa yake yi, ya fito a bayan gida baƙi wuluk kamar kwalta, mai danƙo da wari, kuma a amai yakan yi kama da dusar kofi. Mutane sukan ce basir ne ko olsa, su aika a sayo ƙwaya wajen masu tallar magani. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, ibuprofen da diclofenac da asfirin, waɗanda akan saya don ciwon ciki, su ne ke ƙara buɗe wa jinin hanya. Jiƙe-jiƙen sassaƙe ma nauyi suke ɗora wa hantar da ta riga ta gaji. A dakatar da su duka, a kuma tafi wa likita da kwalayensu.

Kada a ce sai gari ya waye. A kwantar da majinyaci a kan gefensa don kada amai ya shaƙe shi, kada a ba shi fura ko kunu, a nufi sashen gaggawa na Asibitin Ƙasa na Yamai ko Babban Asibitin Referans, tare da 'yan'uwa masu lafiya da za su iya ba da jini. Hoton ciki na ekografi ba ya isa. Fibroskofi, wato bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki, shi ke nuna inda jinin yake fita, kuma da shi ake ɗaure jijiyar da ta fashe.

Bayan jinin ya tsaya, wani majinyacin yakan fara sambatu, ya yini yana barci, hannuwansa suna karkarwa, sai dangi su ce iska ce ta taɓa shi. Jinin da ya taru a hanji ne ya koma guba, hanta ta kasa tace ta, ta hau ƙwaƙwalwa. Addu'a ba ta hana a sanar da likita nan take, domin akwai maganin lactulose da ke wanke hanji, kuma hankalin yakan dawo idan an ba shi da wuri.