Fatar birki mai araha a keken hawan duwatsu: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

A keken hawan duwatsu, fatar birki tana cikin abubuwan da suka fi saurin cinyewa, balle ga mai shiga taɓo da sauka gangara. Shi ya sa idan ta ƙare mutane da yawa suke neman mai araha, su bar ta kamfanin da ya ƙera birkin. Ni ban ga laifin haka ba. Akwai fatar da ba ta da tsada kuma tana kamawa yadda ake so. Abin da nake so mai keke ya gane shi ne, yawancin laifin da ake ɗora wa fata mai araha, irin su kuka da santsi da saurin ƙarewa, daga wajen ɗaurawa da kulawa yake tasowa. Akwai dai wani aibi nata na kanta, shi ne mafi hatsari, kuma shi ne wanda ba a cika dubawa ba. Da shi zan fara.

Ɗaura ta ba tare da an duba mahaɗarta ba

Fatar birkin faifai, wato birkin da ke matse faifan ƙarfe da ke tsakiyar taya, kashi biyu ce: farantin ƙarfe a baya, sai abin gogawar da aka manna a kansa, mai kaurin kusan milimita 2 idan sabo ne. Ana haɗa su da zafi da matsi. Idan aka yi ha'inci a wannan haɗin, ko ba a tsabtace farantin ba kafin mannawa, to zafin gangara da ruwa da tsatsa za su riƙa shiga tsakani a hankali, har ranar da abin gogawar zai ɓalle gaba ɗaya ya faɗo. Idan haka ta faru, hannun birki zai taho har jikin kan keke ba tare da ya kama komai ba, domin kaurin da fistan, wato abin da ke tura fatar zuwa kan faifai, yake dogaro da shi ya ɓace a lokaci guda. Ko ka sake matsawa sau biyu ko uku ya kama, ƙarfe ne kawai yake gugar ƙarfe. A tsakiyar gangara mai duwatsu, wannan ɗan lokacin ya isa a ji mummunan rauni.

A Turai, fatar birkin mota da babur da ake sayarwa don canji sai ta cika ƙa'idar ECE R90 kafin ta shiga kasuwa. Keke ba ya cikin wannan ƙa'ida. Ma'aunin ingancin kekuna na ƙasa da ƙasa, ISO 4210, yana gwada birkin keke a jikin keken, ba kowace fatar da za ka sayo daga baya ba. Ke nan dubawar ta rage gare ka.

Kafin ka ɗaura, ka kai ta inda haske yake, ka bi gefenta da ido ta kowane ɓangare. Kada a sami tsaga, ko rata tsakanin abin gogawa da faranti, ko gefen da yake marmashewa idan ka danna da farce. Ka kifa farantin a kan abu mai shafe ka ga ko ya lanƙwashe. Bayan 'yan hawan farko ka ciro ta ka sake dubawa, haka ma bayan duk ranar da kuka sha ruwa da taɓo. Da zarar ka ga tsatsa ta fara kutsawa ta mahaɗar, ka yar da ita, ko da kaurinta bai taɓu ba. Idan kuma irin da ba ka taɓa gwadawa ba ce, ka fara sa ta a baya. Birkin gaba ne yake ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, don haka ba wurin gwaji ba ne.

A nan ya kamata a bambanta abu uku da ake haɗawa a kira su duka masu araha. Akwai ta ƙaramin kamfani mai suna, wanda ya rubuta irin haɗin da ya yi da birkin da ta dace da shi. Akwai marar suna sam. Akwai kuma ta jabu, mai ɗauke da tambarin manyan kamfanonin kayan keke irin su Shimano ko SRAM alhali ba su suka yi ta ba. Ta farko zan iya amincewa da ita, ta biyu sai na duba da kyau. Ta uku kuwa ba na kusantar ta, domin wanda ya yi ƙarya a kan kwali ba zan ba shi amanar abin da ido ba ya gani ba.

Sayen irin da bai dace da faifan ba

Siffa dai ita ce ta farko. Birkin Shimano MT200, wanda yake zuwa a kekuna masu sauƙin kuɗi da yawa, yana amfani da siffar B01S da magajiyarta B05S, kuma birkunan Tektro da dama suna karɓar wannan siffar. Amma masu fistan huɗu tasu daban ce, ta SRAM ma daban. Ka duba lambar da ke jikin gidan birkin, ko ka ɗora tsohuwar a kan sabuwar ka gwada. Fatar da sai an goge gefenta ko an tura ta da ƙarfi kafin ta shiga, ba taka ba ce.

Sai haɗin. Ta rezin an yi ta ne da zare-zare da gari da aka ɗaure da ƙaro: tana kamawa tun tana sanyi, ba ta cika kuka ba, amma taɓo da yashi suna cinye ta da wuri, kuma dogon zafi yana rage mata ƙarfi. Mai ƙarfe kuwa garin ƙarfe ne, galibi mai jan ƙarfe a ciki, da aka gasa ya dunƙule: tana jure ruwa da zafi, tana daɗewa, sai dai ta fi ƙara kuma ta fi cin faifai. Akwai ta tsakiya mai haɗa su.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jin cewa mai ƙarfe ta fi daɗewa, sai a saya ba tare da an kalli faifan ba. Wasu faifan Shimano masu sauƙin kuɗi an rubuta a jikinsu "Resin Pad Only", wato na rezin ne kaɗai. Ƙarfensu bai kai taurin da zai jure ɗayar ba, tana iya rarake shi cikin ɗan lokaci. Kuma idan za ka sauya daga wani haɗi zuwa wani a kan tsohon faifai, ka goge fuskarsa da samfefa mai laushi ka wanke shi, saboda ragowar tsohuwar fata da ta manne a kansa ba ta jituwa da sabuwar.

Hawa kai tsaye ba tare da an zaunar da ita ba

Wannan ne ya fi jawo a ce fata ba ta da kyau. Sabuwar fata ba ta kama faifai da kyau sai ta shafa masa wani siririn shafi na jikinta daidai wa daida a duk zagayensa. Wannan shafin ne yake ba da kamu. Wanda ya ɗaura ya faɗa gangara nan take, zafi zai yi yawa kafin shafin ya zauna, sai fuskar fatar ta yi ƙyalli ta yi santsi, faifan kuma ya ɗauki shafin a wani wuri ya rasa a wani. Daga nan sai kuka da karkarwa.

Gyaran ba shi da wuya. Ka sami fili mai tsabta marar cunkoso. Umarnin SRAM shi ne ka yi gudu matsakaici, ka matse birki da ƙarfi har gudun ya dawo kamar tafiyar ƙafa, ka saki, ka maimaita kusan sau 20. Sannan ka ƙara gudu, ka matse da ƙarfi sosai kusan sau 10. Kana zaune a kan sirdi, birki ɗaya a lokaci guda, kuma kada ka tsaya cak ko ka bar taya ta ja ƙasa, domin tsayawa da birki a matse yana tara shafin a wuri ɗaya. Za ka ji kamun yana ƙaruwa a hannunka. Idan ta riga ta yi ƙyalli, ciro ta, shimfiɗa samfefa a kan abu mai shafe, ka goga har ƙyallin ya tafi, ka sake zaunar da ita daga farko. Kafin ka yanke wa kowace fata hukunci, ka tabbata ka yi mata wannan.

Barin mai ya taɓa ta

Fatar birki tana tsotse mai, musamman ta rezin. Man fesawa da ake fesa wa sarƙa shi ne babban mai laifi, domin iska tana kai feshin kan faifan baya ba tare da ka lura ba. Sai man da ke yatsu, sai tsumman da aka goge sarƙa da shi. Alamar ita ce kuka mai tsanani tare da rashin kamu: kana matsewa da ƙarfi, keken yana ci gaba da sulalewa.

Ka riƙa ɗiga wa sarƙa mai maimakon fesawa. Ka riƙe fata ta gefe. Faifai kuwa a wanke shi da sinadarin isopropyl da tsumma mai tsabta da ba a taɓa komai da shi ba. Ana yawan ba da shawarar ƙona fatar da wuta don man ya fita. Ban yarda da wannan ba, balle a kan mai araha, domin zafin harshen wuta yana raunana ainihin mahaɗar da muka ce ita ce wurin tsoro. Fatar da ta sha mai sosai canza ta ake yi.

Idan ka canza kuma sabuwar ta sake lalacewa haka nan, to duba bayan farantin. Danshi a wajen fistan yana nufin gidan birkin yana yoyo, kuma ko fata nawa ka sa haka za ta ƙare har sai an gyara shi. Wajen ƙara man birki ma a kula: Shimano da Tektro da Magura man ma'adinai suke sha, birkunan SRAM da yawa kuma DOT, irin man birkin mota. Idan aka zuba wani a madadin wani, robobin ciki suna lalacewa.

'Yan abubuwan da ake tsallakewa wajen ɗaurawa

Yayin da tsohuwar fata take cinyewa, fistan yana ƙara fitowa. Sai an mayar da shi ciki kafin sabuwa ta sami wuri. A yi haka a hankali da abin roba irin na cire taya, ko a bar tsohuwar fatar a ciki a tura ta kanta. Wasu birkunan Shimano fistan ɗinsu na tangaran ne, sukuddireba tana iya fasa shi. Kada a matse hannun birki alhali an cire taya.

Sai ƙusar da ke riƙe fatar. Idan mai tsaga ce, a buɗe ƙafarta bayan an zura. Idan mai zare ce, a ɗaure ta a mayar da ɗan makullinta. Fata mai araha wani lokaci tana zuwa da sifirin, wato ɗan ƙarfen da ke ware fatun biyu daga faifai, mai rauni ko wanda bai zauna daidai ba. Idan ƙafarsa tana leƙowa kan fuskar fatar, kada ka yi amfani da shi. Bayan an mayar da taya, matsa hannun birki sau da yawa har ya yi tauri, ka tura keken ka gwada gaba da baya kafin ka hau.

Jira sai an ji ƙarar ƙarfe

Shimano ta ce a canza idan abin gogawar ya kai milimita 0.5. SRAM kuma tana auna shi haɗe da farantin, ta ce a canza idan bai kai milimita 3 ba. Tun da ba ka san saurin cinyewar fatar da ba ka saba da ita ba, ka riƙa leƙa ta da tocila akai-akai, kuma ka dubi duka biyun, domin ɗaya takan riga ɗaya ƙarewa idan fistan guda ya maƙale. Rana ɗaya ta taɓo mai yashi tana iya cin rezin fiye da makonnin hawa a busasshiyar hanya. Faifan ma yana da iyaka, an rubuta a jikinsa: milimita 1.5 ne a yawancin na Shimano. Sabuwar fata a kan faifan da ya sirance ko ya yi kwari ba za ta taɓa zama daidai ba.

Riƙe birki tun daga saman gangara har ƙasa

Wannan kuskuren hannu ne, amma fata ce take biya. Jan birki kaɗan-kaɗan ba saki yana tara zafi ba tare da ba shi damar fita ba. Ƙaron da ke cikin fatar rezin yana fara gazawa, sai ka ji hannun birki da tauri amma kamu ya ragu. Idan kuwa hannun ya yi laushi yana nitsewa, to man birkin ne ya tafasa ko iska ta shiga. Ka koyi matsewa da ƙarfi na ɗan lokaci kafin kwana, ka saki, ka raba aikin tsakanin gaba da baya. Da ka ji kamu yana raguwa, ka tsaya ya huce, kuma kada ka taɓa faifan da hannu. Mai nauyin jiki ko mai yawan dogayen gangara zai fi amfana da ƙara girman faifai, daga milimita 160 zuwa 180 ko 203, idan ƙirar keken ta yarda da hakan, fiye da yawon neman wata fata.

Kekuna masu sauƙin kuɗi da yawa birkinsu na waya ne, ba na mai ba. A yawancin irin wannan, fata ɗaya ce take motsi, ɗayar tana tsaye, kuma ba ta matsowa da kanta idan ta cinye. Sai ka riƙa juya abin saitinta da ke ɓangaren taya kana kusanto da ita, in ba haka ba faifan zai riƙa lanƙwasa yana neman ta, kamu ya ragu, a ce fata ce ba ta da kyau. Mai birkin da ke kama bakin wili kuwa ya duba cewa robar ba ta taɓa taya kuma ba ta zarce ƙasan wilin, ya ciccire tsakuwa da ɓarɓashin ƙarfen da ke nutsewa a cikinta, ya canza ta idan tsagogin da ke fuskarta sun shafe.