Yadda Ƙungiyar 'Yan Sa-kai Za Ta Shirya Wasan Daɓe, Daga Zaɓen Labari Zuwa Daren Buɗe Labule

Abu na farko da ya kamata mai shirin ɗora wasan kwaikwayo a kan dandamali tare da 'yan sa-kai ya sa a ransa shi ne, mutanen da zai yi aiki da su ba albashi suke karɓa ba, saboda haka ba shi da ikon zaftare wa kowa kuɗi, kuma barazanar kora ba ta razana wanda da ma sha'awa ce ta kawo shi. Malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da ɗalibi da makanike sukan taso daga wuraren aikinsu a gajiye su ba da awa biyu ko uku na yammacinsu, kuma waɗannan awanni su ne jarin ƙungiya na gaske, sun fi kuɗin da ke cikin asusu daraja. Duk shawarar da za a yanke, daga zaɓen labari har zuwa yawan fitilun da za a rataya, da wannan ma'auni ya kamata a auna ta: awa nawa za ta ci, kuma awannin wa za ta ci.

Kuskuren da sababbin ƙungiyoyi suka fi yi shi ne su zaɓi wasan da ya burge darakta, sannan su shiga neman mutanen da za su cika shi. Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara ƙirga waɗanda ake da su a hannu, maza nawa, mata nawa, masu murya nawa, masu iya rawa nawa, da kuma nawa ne daga cikinsu za su iya zuwa gwaji sau uku a mako ba fashi, sannan a nemo labarin da ya yi daidai da su. Ƙungiyar da ke da mata 12 da maza 3 idan ta ɗauko wasan da ke buƙatar sojoji 20 ta jawo wa kanta wahala tun kafin a karanta shafin farko. Haka nan a duba yawan wuraren da labarin ke faruwa, domin wasan da ya tsaya a falo guda ya fi sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba a kan wanda ke tsallakawa daga fada zuwa jirgin ruwa zuwa kurkuku. Idan wasan mai waƙoƙi da raye-raye ne, akwai ƙarin tambaya wadda ba a kauce mata: shin akwai wanda zai iya kai muryarsa inda waƙar jarumi ko jaruma ta fi tashi sama, ba sau ɗaya ba, a kowane dare? Idan amsar tana da shakka, to a nemi wani wasan.

Bayan zaɓe sai batun izini, kuma a nan ne mutanen kirki da yawa suke taka doka ba da saninsu ba. Yarjejeniyar Bern ta shekarar 1886, wadda galibin ƙasashen duniya suka shiga, ta ba marubuci haƙƙin mallakar aikinsa, kuma mafi ƙarancin wa'adin da take tanada a yau shi ne tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 50 bayan rasuwarsa, yayin da Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai suka kai nasu zuwa shekara 70. Sayen kwafin littafin wasa bai ba mutum damar nuna shi a gaban jama'a ba, kuma cewa ba a karɓi kuɗin shiga ba, ko cewa don taimakon marayu aka yi, bai ɗauke wannan wajibi ba. Manyan wasannin waƙa na Amurka da Ingila kamfanoni ne irin su Music Theatre International da Concord Theatricals ke ba da lasisinsu, kuma a cikin sharuɗɗan da aka saba gani akwai hana cire waƙa, da hana sauya kalmomi, da hana ɗaukar bidiyo sai da wani izini na daban, abin da ke nufin ɗora wasan a YouTube na iya zama saɓa yarjejeniya. Wasannin Shakespeare, marubucin Ingila wanda ya rasu a 1616, sun daɗe da zama na kowa, sai dai a lura cewa fassara ko sabon tsarin da wani ya yi musu a wannan zamani yana da nasa mai haƙƙi. A nemi lasisi kafin a sanar da sunan wasa, domin akan hana shi idan ƙwararru na shirin nuna wasan a kusa. A ra'ayina ƙaramar ƙungiya wadda ke da mai iya rubutu a cikinta ta fi cin riba idan ta rubuta nata, tunda za ta yanka kowane matsayi daidai da mai hawansa.

Lissafin lokaci daga ƙarshe zuwa farko

A kama zauren da za a yi wasan, a tsayar da ranar buɗewa, sannan a riƙa ƙirgowa baya. Mutanen ƙauyen Oberammergau da ke kudancin Jamus, waɗanda suka fara gabatar da wasansu na addini a 1634 kuma suke maimaita shi kusan duk bayan shekara 10 da mazauna ƙauyen kusan 2,000, sukan daina aski da gyaran gemu fiye da shekara guda kafin ranar farko, domin gashi ba ya tsirowa da umarnin darakta. Ba kowa ne ke buƙatar shekara ba, amma hikimar ɗaya ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai wani ƙiyasi da masu harkar suka daɗe suna amfani da shi, wato awa guda ta gwaji ga kowane minti guda na wasa. Da wannan lissafi, wasan minti 90 yana buƙatar awa 90, kuma ƙungiyar da ke haɗuwa sau 3 a mako na awa 3 za ta cika su ne a mako 10. Wasan waƙa ya fi haka ci, domin abu uku ake koyo a jere, waƙa da rawa da magana, sannan a zo a ɗinke su wuri guda.

Ranar tantance 'yan wasa, a ba kowa takarda ya rubuta ranakun da ya san ba zai samu zuwa ba, kuma a ɗauki abin da ya rubuta da muhimmanci kamar yadda aka ɗauki muryarsa. Na sha ganin an ba gwani babban matsayi alhali an san rabin gwaji ba ya nan, daga ƙarshe sauran 'yan wasa suka shafe makonni suna magana da kujerar da babu kowa a kanta. Matsakaicin ɗan wasa mai zuwa kullum ya fi haziƙin da ake jira.

Jadawalin gwaji shi ne wurin da ake gane daraktan da ya san darajar mutane. Kada a kira mutum 25 su zauna suna kallon mutum 2 na maimaita fitowa guda har tsawon awa biyu. A rarraba wasan gida-gida bisa waɗanda ke cikin kowace fitowa, a kira kowane rukuni a lokacinsa, a fara a kan lokaci ko da mutum uku ne suka iso, a kuma tashi a kan lokaci ko da aikin ya yi daɗi. A wasan waƙa, makonni biyu na farko na waƙa ne zalla, a zaune, har sai 'yan amshi sun riƙe muryoyinsu ba tare da sun zame sun bi na kusa da su ba. Daga nan sai rawa, kuma tun da wuri a saba musu da yin waƙa suna rawa, domin wanda ya iya baitinsa a zaune yakan tarar numfashinsa ya ƙare a tsakiyar layi da zarar ƙafafunsa sun fara aiki. A sa ranar ajiye takarda, wato ranar da kowa zai zo da haddarsa, aƙalla mako 4 kafin buɗewa, kuma kada a ɗaga ta. Gwajin wannan rana yakan yi muni ƙwarai, za a yi ta inda-inda ana neman a tuna wa mutum layinsa, amma sai hannu ya rabu da takarda ne ido ke samun damar kallon abokin wasa, kuma daga nan ne kwaikwayo na gaske yake farawa.

Mutumin da 'yan kallo ba sa gani

Idan ƙungiya tana da mutum guda mai tsari, mai zuwa da wuri, wanda ba ya ruɗewa, to kada a ɓata shi da ƙaramin matsayi a cikin wasa, a naɗa shi manajan dandamali. Shi ne mai riƙe da babban kundi, wato kwafin wasan da aka bar farin shafi a gefen kowane shafin rubutu, inda yake rubutawa da fensir ta inda kowa zai shigo, da inda zai tsaya, da kalmar da idan an furta ta fitila za ta sauya ko sauti ya tashi. Fensir ake amfani da shi saboda darakta zai sauya ra'ayi sau da dama. Daga daren buɗewa kuwa wasan ya bar hannun darakta ya koma hannun wannan mutum.

A ƙarƙashin kulawar manajan akwai teburin kayan wasa da ake ajiyewa a bayan labule. Akan shimfiɗa farar takarda a kansa, a zana siffar kowane abu, kofi da wasiƙa da makulli da tabarau, a rubuta sunan abin da fitowar da ake buƙatarsa, ta yadda kallo ɗaya zai nuna gurbin da babu komai a cikinsa. Na taɓa zama a bayan labule a wani wasa da duk labarinsa ya rataya a kan wasiƙar da jaruma za ta ciro daga aljihun rigar mijinta. Ta zura hannu, ta lalube aljihun dama, ta koma na hagu, babu komai, domin an kai rigar guga da rana an cire takardar an ajiye a kan taga. Sai da ta juya wa 'yan kallo baya ta karanta tafin hannunta. Tun daga ranar ban ƙara yarda a buɗe labule ba sai wani ya bi jerin kayan ɗaya bayan ɗaya ya taɓa kowanne da hannunsa.

Game da kayan ado na dandamali da sutura, shawarata gajeriya ce: a aro abin da za a iya arowa, a gina kaɗan, kuma duk abin da zai ɗauki fiye da rabin minti ana sauya shi a cikin duhu a sake tunani a kansa. A wajen kasafi kuma a yi lissafi kamar rabin kujerun zauren ne kawai za a sayar, a sa kuɗin lasisi da hayar zaure a sahun farko tunda su ba sa raguwa.

Sauti ya cancanci a dakata a kansa, domin 'yan kallo sukan yafe bangon da ya karkace, amma ba sa yafe maganar da ba su ji ba. A kowane gwaji na makonnin ƙarshe a zaunar da mutum a layin kujeru na can baya ya ɗaga hannu duk lokacin da kalma ta ɓace masa. Idan akwai makaɗa, a haɗa su da mawaƙa a zama na musamman wanda babu rawa babu motsi, don kowa ya ji saurin kiɗan da inda zai shiga, kuma kusan kullum maganin rashin jin waƙa shi ne makaɗa su sassauta, ba a ƙara wa lasifika ƙarfi ba. Idan kiɗan da aka naɗa ne za a bi, a tuna cewa na'ura ba ta jiran wanda ya makara, don haka da shi za a riƙa gwaji tun farko. Makirufo marar waya kuwa a sa masa sabon batir kafin kowane wasa, a kuma koya wa mai kula da sauti ya kashe na duk wanda ya fita, in ba haka ba zaure zai ji hirar da ake yi a ɗakin sauya kaya.

Makon ƙarshe yana da matakai biyu da bai kamata a cakuɗa su ba. Na farko gwajin fitilu da sauti ne, inda ake tsallake doguwar magana a tafi kai tsaye wuraren da wani abu ke sauyawa, kuma a gaya wa 'yan wasa tun da wuri cewa daren na masu na'ura ne, aikinsu shi ne haƙuri da tsayuwa inda aka ce. Na biyu shi ne cikakken gwaji da sutura da kwalliya, daga farko har ƙarshe ba tsayawa ko da wani ya manta layinsa, har da yadda za a fito a gaida 'yan kallo, domin ita ma gaisuwar idan ba a gwada ta ba takan koma turereniya.

Kafin a shigo da mutum ko ɗaya cikin zaure, wani ya zagaya ya buɗe kowace ƙofar fita da hannunsa. A ranar 30 ga Disamba 1903 wata fitila ta kunna wa labule wuta a gidan wasa na Iroquois da ke birnin Shikago na Amurka ana tsakiyar wani wasan waƙa, mutum kusan 600 suka mutu, da yawansu mata da yara, kuma daga cikin dalilan akwai ƙofofin da aka kulle ko aka ɓoye a bayan labule, da cunkoson da ya wuce kima. Saboda haka kada a sayar da tikiti fiye da kujeru, kada a jera ƙarin kujeru a kan hanyar wucewa, a nisanta yadi da fitila mai zafi, a manne wayoyin lantarki a ƙasa, a kuma tabbatar akwai na'urar kashe gobara da wanda ya iya amfani da ita. Idan akwai yara a cikin 'yan wasa, a karɓi amincewar iyayensu a rubuce, a ware musu wurin sauya kaya, a kuma sa babban mutum wanda ba shi da wani aiki a daren sai kula da su.

A cikin jadawalin da aka raba tun ranar farko a rubuta ranar kwashe kaya, a bayyana cewa ta shafi kowa har da jarumi da jaruma. A ranar ne ake kwance katako, a wanke suturar da aka aro a mayar wa masu ita, a goge rubutun fensir daga littattafan kiɗan da aka yi haya kafin a aika da su, sannan ma'aji ya karanta wa ƙungiya abin da ya shigo da abin da ya fita. Babban kundin manajan dandamali kuma a adana shi tare da jerin sunayen waɗanda suka ba da aron kaya, domin da su za a fara idan an tashi shirya wasa na gaba.