Darasi na Bakwai: Gidan Ƙasa da Ruwan Damina

Garin Maradi ba a nan yake tun farko ba. A cikin kwarin Gulbi aka kafa shi. A shekarar 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya ci tsohon gari, sai mutane suka hau tudu, inda muke zaune yanzu.

Gulbin nan daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya, ya shigo Madarunfa, ya wuce Maradi da Tibiri da Gidan Rumji. Don haka yana iya cika ko da ba a yi ruwa a kanmu ba. Mai gona a fadama ya riƙa tambayar labarin ruwan kudu.

Hawa tudu bai raba mu da ruwa ba. A ƙarshen watan Agusta na 2024 an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a cikin gari. Gidaje sun faɗi, an rasa rayuka. Allah Ya ji ƙansu. A shekarar har komawa makaranta sai da aka ɗage, domin waɗanda suka rasa muhalli a azuzuwa suke kwana.

Gidan ƙasa ta wuri biyu ruwa yake cin sa: ta kai da ta gindi. In indararo ya toshe, ruwa yakan kwanta a kan soro, ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi, azara ta kasa ɗauka. In kuma ruwa ya kwanta a gindin bango, ƙasa tana sha a hankali har bangon ya zauna. Tun watan Mayu a hau soro a share indararo, a sake yaɓe, a tara ƙasa a gindin bango yadda ruwa zai gangara waje.

Ɗaki ba ya faɗuwa bai yi magana ba. Bango zai tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa, ƙasa ta riƙa zubowa daga rufi. Wanda ya ga haka ya fitar da iyalinsa a daren, ko da ana tsakiyar ruwa. Na san kunya ke hana wani magidanci ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci da tsakar dare. Ku ƙwanƙwasa. A fara da yara da tsofaffi, kaya su biyo baya. In bango ya danne mutum, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18.

Akwai aikin da gida ɗaya ba ya iyawa. Kwatar da leda da yashi suka cika, ta unguwa duka ce. A je wurin mai unguwa a sa ranar gayya kafin ruwan farko. Wanda ya tare hanyar ruwa a ƙofarsa, cikin gidan maƙwabcinsa ya tura shi.

Takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da takardar fili, a ƙulle su cikin leda a rataye a sama. Bayan ambaliya kuwa, a tafasa ruwan sha, don gudun kwalara.

Aiki: Kowa ya zana gidansa a littafi, ya nuna inda ruwa yake fita. A ƙasa ya rubuta sunan gidan da iyalinsa za su kwana in ɗaki ya tsage. Ku zo da shi darasi mai zuwa.