Yadda sabon mazauni zai zauna lafiya a unguwar dattawa

Wanda ya tare a unguwar da yawancin gidajenta na dattawa ne, waɗanda suka gina ko suka saya tun shekaru 30 ko 40 da suka wuce, abin da zai fara lura da shi shi ne shirun wurin. Kafin ƙarfe 9 na dare an rufe ƙofofi, layi ya yi tsit, ba a jin komai sai haushin kare daga nesa. Kuskuren da sabon zuwa ya fi yi shi ne ya ɗauka cewa shirun nan alama ce ta babu ruwan kowa da kowa. Alhali kuwa yarjejeniya ce da mutanen wurin suka ƙulla a tsakaninsu cikin shekaru masu yawa ba tare da an rubuta ta ba, kuma suna sa ran duk wanda ya shigo zai gane ta da kansa.

Saboda haka, ka bar watan farko ya zama na zuba ido, domin baƙo ko da idonsa makaho ne. Ka lura da ranar da ake fitar da shara, da wurin da kowa yake ajiye motarsa, da wanda ake zuwa wurinsa idan wata magana ta taso, tunda kusan kowace unguwa irin wannan tana da mutum ɗaya ko biyu da ba a naɗa su kan wani muƙami ba amma kowa yana jin maganarsu. Gefen titi ba mallakar kowa ba ne, wannan gaskiya ne, amma idan wani dattijo ya shekara 20 yana ajiye motarsa a inuwar bishiyar da ke daf da ƙofarsa, kuma ƙafarsa ba ta iya doguwar tafiya, to, gaskiyar da kake da ita ba ta kai ɓacin ran da za ka jawo ba idan ka tare wurin.

Kai ne za ka fara kai gaisuwa, kada ka jira a zo maka. Ka zaɓi hantsi ko yamma, ka kauce wa lokacin hutun rana, kuma ziyarar ta zama gajera: ka faɗi sunanka, da yawan mutanen gidanka, da ko kana da yara ko kare, da ko aikinka yana sa ka dawo cikin dare. Ka rubuta lambar wayarka da manyan baƙaƙe a takarda ka bar musu. Idan ka ga maƙwabcin yana cewa "na'am?" sau biyu ko uku, ɗaga murya ba shi ne magani ba. Raunin ji na tsufa yakan fara ne da sautuka masu siririn amo, irin su "s" da "f", don haka abin da ya fi taimakawa shi ne ka fuskance shi ya ga bakinka, ka yi magana a tsanake.

Wannan ya kawo mu ga hayaniya, wadda ita ce ta fi haɗa sabon zuwa da tsofaffin mazauna faɗa. Mutum zai iya tunanin cewa wanda kunnensa ya yi nauyi ba zai damu da kiɗa ba, amma lamarin ba haka yake ba. Sauti mai kauri, irin dukan da ke fitowa daga babbar lasifika ko rugugin janareto, shi ne ya fi ratsa bango, kuma shi ne kunnen tsoho ya fi daɗewa yana ji. Ga shi kuma barcin mai shekaru ba ya nauyi; yana kwanciya da wuri, yana farkawa da ƙaramin motsi, kuma idan ya farka da wuya barcin ya dawo. A shekarar 2009 ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar dare a wajen gida ya wuce desibel 40 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), alhali hira ta yau da kullum tana kai wa kusan 60. Ke nan mutum biyu da suka tsaya sallama a ƙarƙashin tagar maƙwabci da ƙarfe 11 na dare sun isa su hana shi barci. A buɗaɗɗen wuri, duk lokacin da aka ninka tazarar da ke tsakanin mutum da abin da ke ƙarar, ƙara tana raguwa da kimanin desibel 6, don haka matsar da janareto ko lasifika daga jikin katangar maƙwabci zuwa ɗaya gefen gidan ba ƙaramin aiki yake yi ba. Idan ka dawo da dare, ka kira a buɗe maka ƙofa ta waya maimakon danna hon. Idan kuwa taro za ka yi, ka shiga da kanka kwana biyu ko uku kafin ranar ka ce, "Baba, ranar Asabar za mu yi baƙi, amma ƙarfe 10 za mu tashi," sannan ƙarfe 10 ɗin ka tashi. A ganina, cika wannan alƙawari sau ɗaya ya fi duk wata kyauta da za ka aika.

A cikin layi, kada gudunka ya wuce kilomita 30 a awa, wanda shi ne iyakar da masana kiyaye haɗari suke ba da shawara a inda mota da masu tafiya a ƙasa suke cuɗanya. Mai dogara sanda ba zai iya tsalle ya kauce ba, kuma mai yiwuwa bai ji tahowarka ba.

Batun iyaka yana bukatar taka-tsantsan na musamman, domin katanga, da reshen bishiyar da ya leƙo, da hanyar da ruwan sama yake bi, duk suna da tarihin da ba ka sani ba. Wataƙila bishiyar da kake ganin tana zubo maka ganye marigayi mijin maƙwabciyarka ne ya dasa ta. Kafin ka sare reshe ko ka ɗaga katanga, ka duba takardun gidanka, ka nemi mai awon fili idan akwai shakka, sannan ka yi magana da wanda abin ya shafa. Idan gyaran gida za ka yi, ka tsayar wa ma'aikata lokacin farawa da na tashi, kada yashi da tsakuwa su toshe hanyar da mai keken guragu yake bi, kuma ka tabbatar indararonka ba ya zuba a harabar wani.

Taimako kuwa a yi shi da tambaya. Yawancin dattawan nan sun riƙe gidajensu da kansu tsawon rayuwarsu, kuma ba sa son a ɗauke su kamar sun gaza. "Mama, zan fita, ko akwai saƙo?" ya wadatar. Amma akwai alamun da ba a kau da kai daga gare su: labulen da aka saba ɗagewa kowace safiya yana nan a sauke har azahar, ko fitilar waje tana ci tsawon yini. Faɗuwa tana cikin manyan haɗurran da ke halaka waɗanda suka haura shekara 60, kuma wanda yake zaune shi kaɗai zai iya kwana a ƙasa ba wanda ya sani. Ka ƙwanƙwasa, ka kira waya, idan ba a amsa ba ka kira ɗansa ko 'yarsa, wanda ya kamata tun farko ka karɓi lambarsa. Idan ka ga baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, alamun shanyewar ɓarin jiki ne, kuma asibiti za a nufa nan take ba tare da jiran a ga yadda za ta kaya ba. Abin da ba naka ba shi ne kuɗinsu: kada ka riƙe katin bankin kowa ko lambar sirrinsa ko da shi ya roƙe ka, domin ranar da lissafi ya ƙi fita kai za a fara kallo.

Zaman yana da nasa nauyin, kada a ɓoye. Za a san lokacin fitarka da na dawowarka, za a ba ka shawarar da ba ka nema ba game da ciyawar gaban gidanka, kuma idan ƙwallon yaranka ta faɗa kan furannin wani za ka ji labari. Idan aka kawo maka ƙorafi, ka saurara har ƙarshe kafin ka kare kanka. Idan kai ne mai ƙorafin, ka je ka faɗa baki da baki, kada ka rubuta shi a zauren WhatsApp na unguwa inda kowa zai karanta. Haka nan idan ana taron mazauna unguwa, ka halarci biyu ko uku kana sauraro kafin ka kawo shawarar sauya wani abu, saboda sau da yawa abin da kake shirin kawowa an taɓa gwada shi kafin ka zo, kuma wanda ya gwada ɗin yana zaune a kujerar da ke kusa da kai.